Wai hawan dutse aikin Anasara ne

A taronmu na ƙarshe, bayan ma'aji ya karanta lissafi aka tarar akwai jaka ɗari da tamanin da ƴan kai a asusu, na ɗaga hannu na ce a ajiye kuɗin nan, mu ƙara a kai, mu shirya tafiya Abzin mu ga matsirgar Timiya. Ban rufe baki ba wani kamarad daga bencin baya ya ce: "Kai kuma yaushe ka zama Anasara?" Aka kwashe da dariya, har da masu tafi. Wani ya ce a yi karo-karo a saya mini gajeren wando da baƙin tabarau. Daga nan aka koma maganar suware: nawa mai kiɗa zai karɓa, wace atamfa za a fitar anko, lemun kwalba kiret nawa. Magariba ta yi ba a jefa ƙuri'a ba, aka ɗage. To tun da an ba ni shafi a wannan ɗan littafi namu, kuma takarda ba ta katse mutum, bari in faɗi abin da dariya ta hana ni faɗi.

Ba zan ɓoye ba, dariyar ta yi mini ciwo. Amma abin da ya hana ni barci daren nan wani abu ne daban. Muna fitowa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi kowa dariya ya dafa kafaɗata ya ce: "Don Allah Timiyar nan a Mali take ko a Aljeriya?" Wannan kamarad ɗin, ku tashe shi tsakar dare ku tambaye shi Niyagara, zai ce muku tsakanin Amurka da Kanada. Ku tambaye shi Biktoriya, zai ce kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Ya haddace su tun yana kwaleji, ya ci maki da su. Amma dutsen da ya fi kowane dutse tsawo a ƙasarsa, wanda ke cikin tsaunukan Bagzan, mai mita 2,022, bai taɓa jin labarinsa ba. Ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Ni ma da haka nake.

Ni ɗan Hawandawaki ne. Sunan garinmu ma hawa ne, sai dai na dawaki, domin in ka cire jigawa da rumbu da icen kuka babu abin da za ka hau a ƙasarmu. Ruwan da muka sani iri biyu ne: na sama, mai zuwa wata uku in Allah ya yarda, da na ƙasa, wanda ake jawowa da guga har hannu ya yi kanta. Ruwa ya faɗo daga kan dutse da kansa, ba hadari ba guga, wannan a kalandar shagon tela kawai muke ganinsa. Duk da haka harshenmu yana da kalmar: matsirga, wurin da ruwa ke tsirgowa. Can kudancin Kaduna, kusa da Kafancan, akwai wata da har yau Matsirga ake kiranta. Mutane ba sa raɗa wa abu suna sai sun gan shi. Ashe kakanninmu fatake, masu zuwa Gwanja sayen goro a ƙafa da jakuna, sun tsaya gaban irin wannan ruwa sun sa masa suna, mu jikokinsu masu takardar bak muke cewa aikin Anasara ne.

Ga yadda aka yi na je.

Tun ina yaro, duk shekara bayan kaka, Abzinawa na sauka gonar kakana da raƙumansu. Suna kawo gishirin kantu da dabino daga Bilma da Fashi, su karɓi hatsi. Raƙuma su ci karan gero, su bar mana taki. Babu takarda, babu sa hannu, amana ce da aka gada. Yawancinku ƴan Tasawa da Mayahi kun san abin da nake faɗi, kun taɓa bin raƙuman nan kuna roƙon dabino. To da yawa daga cikin masu ayarin nan mutanen Timiya ne, Kel Ewe. Su kan ratsa Tenere su ɗauko gishiri, su gangaro ƙasar Hausa su yi watanni, su koma gida da geronmu. Wato tuwon da ake tuƙawa a Timiya, wani daga gonakinmu ya fito. Su sun san ƙofar gidanmu, sun san sunan rijiyoyinmu, suna jin Hausa kamar jakin Kano. Mu kuwa ko tambayarsu ba mu taɓa yi ba: ku ina ne gidanku, yaya yake?

Ɗan aminin kakana ne ya ce mini wata shekara, cikin wasa, kullum su ke zuwa, mu ba mu san zumunci ba. Maganar ta zauna mini. Da hutun ƙarshen shekara ya zo na sayar da tunkiyata, na haɗa da abin da na samu wajen noman ƙodago, na hau mota. Tasawa zuwa Damagaram, Damagaram zuwa Tanut, Adarbisanat, Agadas. Daga Agadas kwalta ta ƙare mini. Timiya tana da nisan kilomita ɗari biyu da wani abu arewa maso gabas, kuma hanya ce ta duwatsu da ƙoramu. A saman babbar mota na tafi, bisa buhunan kaya, ni da tsofaffi da awaki biyu. Muka kwana a hanya saboda ƙorama ta kawo, direba ya ce ko uwarsa ce ke naƙuda a tsallake ba zai shiga ba. Ƙashin bayana bai yafe mini ba har yau.

Washegarin isata, da sassafe, mai masaukina ya ce in ɗaura takalmi. Ƴan kilomita ne daga gari, amma tafiyar dutse ba irin ta jigawa ba ce. A yashi ƙafa nutsewa take, a dutse kuwa zamewa take, kuma kowane taku sai ka zaɓi inda za ka sa shi. Shi yana gaba da takalmin fata kamar akuya, ni ina baya ina haki, ina riƙe da duk abin da hannuna ya kama. Ya hana ni sa hannu cikin kogon dutse saboda kunama da maciji. Ya nuna mini wani layi a jikin dutse, sama da kaina nesa, inda ciyawa da ƙiraruwa suka maƙale, ya ce nan ruwa ya kai da ƙorama ta cika. Ya ce a Abzin ba a kwana cikin ƙorama ko da sama ta yi tas babu gajimare, domin ruwan da zai kashe ka can nesa aka yi shi, kan wani dutsen da ba ka gani. Wannan darasi babu mushen da ya taɓa koya mini shi.

Kunne ne ya fara sanin mun iso. Wata ƙara kamar ana zazzage buhun gero cikin rumbu, ba ta tsayawa. Muka kewaya wani baƙin dutse, sai ga ta. Bangon dutse baƙi ƙirin, irin wanda wuta ta amayo tun zamanin da ba mutum, ruwa na tsirgowa daga wata tsaga a sama yana faɗawa cikin tabki. Ba Biktoriya ba ce, kada wani ya je ya dawo ya ce na yi masa ƙarya. Ƙarama ce, kuma mai masaukina ya ce da rani sai ta tsuke, wani lokaci ta ɗauke, tabkin kawai ya rage. Amma ku tuna inda take. Kwana biyu ina kallon dutse da rana da ƙaya. Na cire takalmi na sa ƙafa, sanyin ya hau mini har haƙora. Na yi alwala, na zauna, na rasa abin cewa. Ni da nake cika muku kunne a taro.

Da muka komo ta cikin garake na ga sauran labarin ruwan: lemo, rumman, dabino, inabi, alkama, ana ban-ruwa da raƙumi yana jan guga daga rijiya. Lemun da ake kai wa kasuwannin Agadas har Yamai da sanyi, ana cewa lemun Timiya, ga uwarsa. Ruwan da ya faɗi kan dutse ba ya ɓata, yashin ƙorama ne ke shanye shi ya ajiye, rijiyoyin garake su same shi kusa. A nan na fahimci abin da aka yi ta zana mana a allo game da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda na haddace na rubuta a jarrabawa ban gane komi ba.

A bakin tabkin na haɗu da wani dattijo da ya yi shekaru yana yi wa baƙi jagora. Ya tambaye ni daga ina, na ce Hawandawaki ta ƙasar Tasawa. Ya yi dariya ya ce ya ci geronmu ya fi a ƙirga. Ya kai ni gidansa ya fito da wani tsohon kundin hotuna: shi da Faransawa, shi da Jamusawa, shi da Italiyawa, kowa da jar fuska. Na buɗe shafi bayan shafi ina neman baƙar fuska wadda ba ta direba ko mai dafa abinci ba. Ya gane abin da nake nema. Ya ce: "Ɗana, ku ai ba ku zuwa sai in kuna wucewa."

To yanzu mu zo ga maganar Anasara. Wa ya mai da abin nasu?

Gandun W, can kudu maso yammacin ƙasar nan, inda kogin Kwara ya yi lanƙwasa irin ta harafin, a 1954 aka kafa shi, muna ƙarƙashin Faransa. Ba don ɗan Tamu ko ɗan Sayi ya je ya huta aka shata shi ba. Tun daga lokacin mutumin wurin in an gan shi ciki da baka ko da garke mai laifi ne, baƙo mai na'urar hoto kuwa babban baƙo ne. Muka karɓi mulki a 1960, muka gaji gandun, muka gaji tunanin tare da shi. Aka kafa gandun Abzin da Tenere a 1988, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 77,000, Timiya na bakinsa. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Duk harkar yawon buɗe ido da aka gina a Agadas, da jiragen da suka riƙa tasowa daga Faransa kai tsaye, da motocin daji, da tseren Paris-Dakar da ya riƙa bi ta can a da, an gina ta ne bisa aljihun baƙo. Farashi da kuɗin baƙo ake yanka shi, takardun talla da harshen baƙo ake buga su. Babu wanda ya zauna ya ce: ɗan lakkol na Mayahi fa, ta yaya zai zo?

Sai abin da ke samun mai shago mai ciniki da mutum guda ya same mu. Tawaye ya tashi a farkon shekarun 1990, a 1992 UNESCO ta mai da gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Aka yi sulhu a 1995, baƙi suka fara dawowa. A 2007 wani tawayen ya sake tashi. A 2010 aka sace ma'aikata a Arlit. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum takwas a Kure, wurin raƙuman dawa, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, direba da ɗan jagora. Kowane karo ƙasashensu su shafa wa taswirarmu jan launi, su ce wa mutanensu kada ku je. Ban ga laifinsu ba, kowa ransa yake so. Amma da suka ɗauke ƙafa, wa ya rage? Babu kowa. Masu jagora da direbobin da suka san Tenere kamar tafin hannunsu, wasu suka koma jigilar masu tafiya Libiya, wasu suka tafi haƙar zinariya. Maƙeran azurfa suka zauna da kayansu. Ƙasa mai mutum sama da miliyan ashirin ta kasa fitar da ƴan kallo da za su riƙe ɗan jagora guda a bakin matsirga. Duk ranar da ɗayanmu ya ce "aikin Anasara ne", sa hannu yake yi a kan wannan. Yana cewa: na yarda, kyawun ƙasata na baƙo ne, ni wahalarta ce rabona.

Ku duba ma wani abin kunya. A 1850 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya ratsa Abzin ya shiga Agadas. Ya biyo ayarin gishiri na Kel Ewe ya gangaro, a watan Janairu 1851 yana Tasawa. Ya rubuta abin da ya gani, kasuwa da gidaje da abinci da bishiyoyi. Yau ɗalibin tarihi in yana son sanin yadda Tasawa take a wancan zamani, littafin baƙon nan yake nema. Hanyar da ya bi, hanyar baƙin kakana ce. Shekara ɗari da saba'in da wani abu, mu da muke kiran kanmu ƙungiyar marubuta, wa ya bi ta ya rubuta da Hausa? Ku buɗe littattafanmu na baya ku gani. Labaranmu rabi a Abuja suke faruwa, rabi a Dubai. Jarumi yana da Prado, jaruma tana saukowa daga bene. Marubucin kuwa bai taɓa wuce Maraɗi ba, kuma benen da ya taɓa hawa na ofishin da ya je neman takarda ne. Har ni a ciki, akwai wani labarina da jarumin ke shan kofi a bakin teku, ni da ban taɓa ganin teku ba. Muna rubuta abin da muka gani a fim ɗin Indiya da na Kano, sannan mu ce wanda ya ce a je a ga ƙasa shi ne mai kwaikwayon baƙi.

Na san amsar da ta fi ƙarfi, kuma ba ta ɗan bencin baya ba ce. Wata ƴar uwa ce ta faɗe ta bayan taro, ba da dariya ba. Ta ce: "Yawon buɗe ido sai cikakken ciki. Babana bashin hatsi ke kansa tun bazara, in ce masa zan tahi kallon ruwa?" Wannan magana gaskiya ce, ba ni da bakin musa ta. Duk wanda ya taɓa ganin rumbun gidansu ya ƙare a watan shida ya san nauyinta. Ba zan ce wa kowa ya hana gidansu ya ba mai mota ba.

Amma kuɗin da muke gardama a kai ba na hatsin kowa ba ne. An riga an tara su, kuma ba a ce a saya wa iyayenmu gero da su ba. Da haka aka ce, wallahi da na janye hannuna na yi shiru. Cewa aka yi a ba mai kiɗa, a sha lemo, kowa kuma ya ƙara jaka biyar ko shida daga aljihunsa ya ɗinka anko da zai sa dare ɗaya. Yunwa ba ta hana suware ba, sai tafiya take hanawa? In talauci ne hujja, ya zama hujja a kan duka biyun.

Sannan wa ya ce ba mu zuwa arewa? Muna zuwa, har mun fi Anasara zuwa. Wane gida ne a Hawandawaki ko Korgom ko Kanambakashe da ba shi da wani a Agadas, ko Arlit, ko Libiya, ko Aljeriya? Da zinariyar Jado ta fashe a 2014, ƙauyukanmu saura kaɗan su zama na mata da tsofaffi. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara, da yawa daga ƙasar Kance, nan maƙwabtanmu. Wannan ce arewar da muka sani: hanyar da ake bi a bayan Hilux, fuska a naɗe, ana riƙe da sanda kada a faɗo. Tsakanin Agadas da Arlit, ba nisa da hanya, akwai Dabus, inda mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce suka sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya fi mita biyar. Masana na tasowa daga ƙarshen duniya su gani. Ƴan uwanmu dubbai sun wuce ta gefensa ba su san yana nan ba. An yarda talaka ya ratsa Abzin don ya je ya yi bara ko ya mutu a rami, wannan ba wanda ya kira shi Anasara. Ranar da ya ce zai tsaya ya ɗaga kai ya duba, ranar ce ya zama abin dariya.

Maganar tsaro kuma ba zan yi wasa da ita ba. Gandun W yana da tasa matsirgar, ta Kudu, a kan kogin Mekuru wajen iyakar Benin da Burkina, kuma ba zan ce wa ko maƙiyina ya nufi can yanzu ba. Ƴan bindiga sun mai da dajin gida. Mu nan ma mun san abin da ake fama da shi a kudancin Madarunfa da Gidan Runji, mun san labarin dajin Rugu a tsallaken iyaka. In lokacin tafiya ya yi, za mu tambayi hukuma, mu tambayi mutanen wurin, waɗanda suka fi kowa sanin hanyarsu. In suka ce a dakata, mu dakata, kuɗin ba ruɓewa za su yi ba. Ban kuma ce ɗalibai ashirin da gorunan ruwa za su kori masu bindiga daga daji ba. Abin da na ce shi ne, wurin da ƴan ƙasa ba su sani ba, ba su taɓa gani ba, ranar da aka ƙwace shi babu mai kuka. An rasa W, a fadarmu ko kofin shayi ɗaya ba a ajiye ba don jimami. Da Barsalona ce aka ci huɗu da nema, da an kwana ana makoki.

Akwai kuma masu cewa, to ko an yarda, ban da mata. Wai ba za su iya dutse ba. Wannan maganar namijin da bai taɓa bin uwarsa itace ba ne kawai zai faɗe ta. Matan ƙauyukanmu suna yin tafiyar da ta fi ta matsirgar Timiya nisa kowace safiya, da ɗa a baya da dami a ka. A Timiya kuwa, watannin da maza ke ayari, mata da ƴan mata ne ke cikin duwatsu da awaki. Wadda ta wuce ni a hawan nan, ina haki tana taunar dabino, ba ta fi shekara goma sha biyu ba. In maganar izinin iyaye ce da masauki na mutunci, wannan magana ce, a zauna a tsara ta, a nemi malama ko babbar ya ta raka mu. Amma kada a fake da ƙafafunsu.

Bari in juyo kan nawa ɓangaren, kada a ce na yi son kai. Cikin ƴan kaɗan da suka goyi bayana, akwai wanda abin da ya fara cewa shi ne: "Kai, hotunan da za mu zuba a Facebook!" In don wannan ne, a zauna gida, akwai masu haɗa hoto a kasuwar Tasawa, da dala ɗari za su sa ka gaban Niyagara. A bakin tabkin Timiya na ga ledojin ruwa, na ga gwangwanin kifi, na ga inda wani ya rubuta sunansa da na budurwarsa da fenti a jikin dutsen da ya girmi Annabi Nuhu. Ba Bajamushe ne ya rubuta ba, sunan irin namu ne. Ruwan nan shi dabbobin mutane ke sha. Wanda zai je ya yi wanka da sabulu a ciki, ya kunna kiɗa, ya ɗauki matan mutane hoto ba izini, ya bar shara ya tafi, gara ɗan bencin baya da shi, don shi aƙalla bai ɓata komi ba.

Ga abin da zan sake kawowa gaban taro, kuma na rage buri don kada a ce na cika baki.

Kada mu fara da Abzin. Mu fara da abin da ke bayan gidanmu, wanda shi ma ba mu sani ba. Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, tsohon kwari ne da ruwa ya daina bi sosai, cike da kaba da goriba. Tabarmar da muke zaune a kai, da igiyar gugarmu, da faifan gidanmu, daga can suke. Mu ɗauki kwana biyu mu bi shi a ƙafa, mu kwana a ƙauyuka, mu tambayi masu yankan kaba don mi goriba ke ƙarewa, kabar ba ta samun girma ta zama itace. Mu tambayi tsofaffi yadda gonaki suka koma fili fetal bayan farin 1984, da yadda sassaben zamani ya mai da gawo da sabara da kalgo cikin gonaki, abin da manoman jihar Maraɗi suka yi da hannunsu har duniya ke zuwa koyo. Wannan tafiya ba ta cin komi sai ƙafa da gari da ƙuli-ƙuli. A nan za mu gane wa ke iya tafiya, wa ke iya baki.

In mun iya wannan, hutu na gaba sai Gadabeji, nan cikin jiharmu, arewa da Dakwaro. Gandu ne tun 1955, kuma a 2018 an kai raƙuman dawa takwas can daga Kure. Ƴan jihar Maraɗi nawa ne suka san akwai raƙumin dawa a jiharsu? Mu rubuta wa ma'aikatan gandun daji takarda, mu nemi rangwamen ɗalibai. In babu irin wannan rangwame, mu tambaya don mi babu, a rubuce, da sa hannunmu duka. Timiya kuma sai ƙarshen damina mai zuwa, lokacin da matsirga ke da ruwa, in hanya ta yi kyau, in asusu ya kai. Masauki ba zai gagara ba. Mutanen da suka shekara hamsin suna sauka gonakinmu ba za su bar mu a waje ba, sai dai mu riƙa musu buhun gero, kada mu je hannu rabbana. Duk wanda ya je kuma, sharaɗi ne ya kawo shafi biyar na abin da idonsa ya gani, ba abin da ya kwafo daga intanet ba, mu buga littafi na gaba da su.

Suware kuwa ban hana ba. Mai rediyo ya kawo, a dafa shayi, kowa ya sa rigar da yake da ita.

Taro ranar Asabar ne bayan la'asar, a ajin da muka saba. Zan sake ɗaga hannu, kuma wannan karon ina roƙon shugaba a jefa ƙuri'a kafin a kira magariba. Kamarad ɗin da ya yi alkawarin gajeren wando, na yafe masa wandon. In da gaske karo-karon yake, takalmi nake so, lamba 43, nawa ya tsage a ƙoramar Timiya.